Filazar Maikasuwa Ta Yi Gero

Duk wanda ya bi hanyar da ta fita daga Kazaure ta nufi Roni a 'yan shekarun nan ya ga ginin, domin ba ya ɓoyuwa. Jerin shaguna ne, yawancinsu babu rufi, ga matakalar bene ta tashi ta tsaya a iska ba ta kai ko'ina ba. Mai ginin sunansa Maikasuwa, amma ya fi so a kira shi Injiniya.

Asalin wannan suna kuwa, ya yi shekaru a Abuja yana tuƙa wani ɗan kwangila. Aikinsa shi ne ya kai maigida wurin gini, ya kwantar da kujerar mota, ya yi barci har a tashi. A wajen Maikasuwa wannan cikakken karatu ne. Da maigidan ya rage ma'aikata, sai ya dawo gida da jakar tufafi, da hular kwano ruwan ɗorawa irin ta magina, da wata magana da ba ya gajiya da maimaitawa.

"Rabin Abuja a gabana aka gina ta."

"A gabanka, kana minshari," in ji Halliru.

Halliru taubashinsa ne, yana sana'ar faci a bakin titi, kuma tun suna yara bai taɓa barin maganar Maikasuwa ta sauka lafiya ba.

Abin da Maikasuwa ya mallaka a duniya bai wuce gona ɗaya da mahaifinsa ya bar masa ba. Da can a bayan gari take, amma gari ya yi ta matsowa har kwalta ta bi ta bakinta, daidai inda Halliru ya kafa rumfarsa. Duk shekarun da yake Abuja matarsa Rahamatu ce take sa a noma ta, kuma da ita gidan yake cin tuwo.

Ranar nan yana cikin cin tuwon ya ɗago kai ya ce, "Rahamatu, daga bana an daina noma a gonar nan. Filaza zan gina. Shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama, ni kuma ina zaune ana kawo mini kuɗin haya."

"Da wane kuɗin za a gina, Malam?"

"Babban mutum ba ya gini da kuɗinsa. Bashi ake ci."

"To Allah ya sa alheri. Amma ka tuna ita kaɗai Baba ya bari. In ta tafi, ba mu da wata."

"Ina za ta tafi? Ƙafa gare ta?"

Washegari ya sa babbar riga, ya ɗora hular kwanon a kan hularsa ta saƙi, ya nufi banki. Abu na farko da ya ɓata masa rai, an ce ya bi layi. Na biyu, wanda aka kai shi gabansa yaro ne sa'ar ɗansa, mai suna Abdulnasir, mai yawan ladabi da yawan tambaya.

"Baba, akwai takardar mallakar filin?"

"Kowa a Kazaure ya san gonar ubana ce."

"Haka ne, amma za mu so takarda. Zanen ginin fa?"

Maikasuwa ya ƙwanƙwasa hular kwano da yatsa. "Yana nan ciki."

"Za mu so a fito da shi a kan takarda, Baba. Sai mutum biyu da za su tsaya maka. Kuma in kana gudun kuɗin ruwa, muna da tsarin da babu shi: mu za mu sayo siminti da rodi mu sayar maka, ka riƙa biya a hankali. Kashi-kashi ake bayarwa. In an kammala harsashi mu zo mu gani, sannan a ba da na gaba."

"Wato ba za ku damƙa mini kuɗin a hannu ba?"

"A'a, Baba."

"Kuma kai ne za ka zo ka duba aikina? Yaro, lokacin da nake tsaye a kan bene mai hawa goma sha biyu, kai ko tatata ba ka fara ba."

Ya tattara riga ya fito. Kafin la'asar duk majalisun unguwa sun ji cewa banki ya roƙi Injiniya ya karɓi kuɗi, shi kuma ya ƙi saboda raini.

A nan ne wani ya ambaci Hajiya Tasalla ta Roni. Dattijuwa ce mai fataucin hatsi, mai gonaki a Roni da Gwiwa, kuma an san ta da fitar da mutane daga kunya. Ba ta karɓar kuɗin ruwa, ba ta neman zane, ba ta sa mutum layi.

Maikasuwa bai ɓata lokaci ba. Ya ɗauki mai unguwarsu a bayan babur don shaida, suka same ta a zaure tana duba ridi a faifai. Ta saurare shi har ya gama gina benensa da baki, bai rage ko tagar sama ba.

"Madalla," in ji ta. "Ni dai ka san yadda nake yi, ɗana. Jingina ce, irin wadda muka gada. Ka ba ni gona, in ba ka kuɗi. Ran da ka dawo da kuɗina cif, ko sisi ba ƙari, ka karɓi abarka."

"Na sani, Hajiya, na sani."

Mai unguwa ya gyara zama. "Maikasuwa, ka dai gane abin da..."

"Ranka ya daɗe, na zauna a taron da ake maganar biliyoyi. Jingina ce za ta gagare ni?"



"Ƙasar tana da kyau?" Hajiya ta tambaya. "Me marigayi yake shukawa?"

Maikasuwa ya yi murmushi. A ransa ya ce tsohuwar nan tana da kai, tana son ta ji ko ƙasar za ta ɗauki bene. "Hajiya, babu irinta daga nan har Babura. Geron da take yi, sai mutum ya hau jaki sannan ya taɓo zangarniya."

"Kai, masha Allah," in ji Hajiya, idonta ya yi haske. Ta sa aka kawo kuɗi a jakar leda, aka shafa fatiha.

Da suka dawo, a rumfar Halliru ya fara tsayawa, ya ɗaga jakar sama.

"Ka gani? Ba layi, ba takarda, ba ruwa. Wannan shi ake kira sanin hanya."

"Me ka ba ta?"

"Jingina kawai. Suna ne. Gonar tana nan inda take."

Halliru ya dubi gonar, ya dubi taubashinsa, ya buɗe baki kamar zai yi magana. Sai ya ga in ya yi, zai ɓata wa kansa kallo mai daɗi. Ya ce, "Allah ya sa a gama lafiya, Injiniya," ya koma kan tayarsa.

Aiki ya fara da allon sanarwa. Kafin a haƙa ko taki ɗaya, Maikasuwa ya sa aka buga wani ƙaton ƙyalle mai hotonsa da hular kwano, yana nuna sama da yatsa, a ƙasa an rubuta FILAZAR INJINIYA MAIKASUWA. Bayan allo sai bikin aza harsashi: aka kafa rumfuna, aka yanka rago, aka ɗauko mai lasifika. Abin da ya rage shi aka kai wa siminti.

Zanen ginin da kara ya yi shi a ƙasa, ya kuma kafa wa Nafi'u magini doka ɗaya: ban da tambaya.

"Injiniya, wannan kwaɓin yashi ya yi yawa."

"Haka ake yi a Abuja. Siminti ɗanɗano ne, kamar gishiri a miya."

"Matakalar bene fa? Ai sai an gama ƙasa."

"Ita za a fara yi. Mutane su san abin da ke tafe."

Haka aka yi. Bango ya tashi har linta, matakala ta tashi ta wuce shi. Ran da aka sauke katakon linta, Nafi'u ya zagaya ginin, ya sake zagayawa, ya zo yana sosa ƙeya.

"Injiniya, na san an hana tambaya. Amma shagon tsakiyar nan, ta ina za a shiga?"

Aka duba. Bango huɗu ne lafiyayyu, babu ƙofa, babu taga.

"Ma'ajiyar kuɗi ce," in ji Maikasuwa, ko ƙifta ido bai yi ba. "Ɓarawo ya zo ya nemi ƙofa mu gani."

"Kai kuma ta ina za ka ɗebo?" Halliru ya ƙwala daga rumfarsa.

"Wannan sirrin injiniyoyi ne."

A daidai nan kuɗi suka ƙare. Babu rufi, babu daɓe, babu ƙyaure ko ɗaya. Maikasuwa ya ce ba ƙarewa suka yi ba, ginin ne ake bari ya sha iska.

Bazara ta shigo, gabas ta fara haɗa hadari. Wata safiya ya iso ya tarar da tsibi-tsibin taki an jibge a gaban filaza, wani har cikin shagunan. Ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Mahassada! Na san za a yi haka."

Ya ranci kuɗi wajen Rahamatu ya ɗauki masu amalanke suka kwashe tas, suka zubar a bayan gari. Kwana biyu sai ga takin ya dawo, har ya fi na farko yawa. Ya sake kwashewa. Masu amalanken dai su ne, kuma ba su ga dalilin da zai sa su gaya masa cewa wanda ya biya su suka kawo daban, wanda yake biya su kwashe daban ba.

Ran da aka yi ruwan shuka asiri ya tonu. Maikasuwa ya iso da hantsi ya ga shanun huɗa a bayan gini, ga maza da sungumi a cikin shagunansa suna sara, mata na bin su suna jefa iri suna takewa. Wasu biyu sun kafa tsani suna haurawa ma'ajiyar kuɗi. A gindin allon sanarwa kuwa, ga Hajiya Tasalla a kan kujera, riƙe da lema.

"Hajiya! Me nake gani haka?"

"A'a, ɗana, sannu da zuwa. Ya iyali? Ashe kai ne kake ta kwashe mini taki?"

"Hajiya, wannan filaza ce!"

"Na gani, ta yi kyau. Gero nake sawa a ciki, wake a baya."

"A cikin shagunana?"

"A cikin gonata, ɗana, har ran da ka dawo da kuɗina. Da rani ba abin da nake yi da ƙasa, shi ya sa ban ce maka komai ba. Da aka gaya mini kana kewaye ta da bulo, na ce Allah ya yi wa yaron nan albarka, yana kare mini ita daga awaki."

Halliru ya saki guduma ya zauna a ƙasa. Dariya ta hana shi numfashi, sai da wani mai babur ya yi masa fifita.

Maikasuwa ya zarce gidan mai unguwa yana huci.

"Ranka ya daɗe, a gabanka aka yi. Ka taɓa jin an yi shuka a cikin shago?"

"Ban taɓa ji ba. Amma kuma ban taɓa jin an jinginar da gona, mai jingina bai noma ta ba. To don me za ta ba ka kuɗinta ba ƙari? Amfanin gonar shi ne nata. Haka kakanka ya yi, haka nawa ya yi. Na so in tuna maka a zauren, ka ce ka zauna da masu biliyoyi."

"To ginina fa?"

"Bango naka ne. Ƙasa tata ce."

"In na samu kuɗi na yi rufi?"

"Ka tare wa geronta ruwan sama? Sai ka biya ɓarna."

A gida Rahamatu ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye masa tuwo, ta zauna nesa kaɗan.

"Malam, ashe tana da ƙafa."

"Wa?"

"Gonar. Ga ta can ta tafi Roni."

"Dabara ce," in ji shi. "Ke ba ki san harkar kuɗi ba. Yanzu zan koma banki, su ba ni, in sallami tsohuwar nan, in yi rufi. Dama su suke roƙona."

Sai ga Injiniya a layin banki, ba hular kwano. Abdulnasir ya tarbe shi da fara'a kamar ba abin da ya taɓa faruwa, ya ce tunda gini ya kai linta ana iya dubawa, in an kawo takardu. Maganar jingina kuwa Maikasuwa ya bar ta a gida, don a ganinsa ba ta shafi yaro ba.

Neman takardu ya ci makonni. Gero kuwa bai jira kowa ba. Ga taki, ga damina mai albarka, ga bango ya tare iska da dabbobi. Aka yi noman fari, aka yi maimai. Kullum Maikasuwa ya zo sai ya tarar ya ƙara tsawo, kore shar, yana leƙowa ta ƙofofin shaguna kamar 'yan haya. Masu wucewa suka fara rage gudu suna nunawa. Har aka samu direbobin da ke cewa, "Akwai mai sauka a Filazar Gero?"

Da Abdulnasir ya sa ranar zuwa duba gini, hankalin Maikasuwa ya tashi. Ya yi tunani irin na injiniyoyi, ya samo mafita. Da tsakar rana, Rahamatu ta tafi barka, ya kwance awakinta daga turke, ya kora su har filaza, ya tura su shagon farko.

"Bismillah. Ku ci, na ubana ne."

Awakin suka ɗan taɓa gero. Sai babbar cikinsu ta hango gefen ƙyallen allon sanarwa da iska ta saki yana lilo, ta fito ta kama. Sauran suka biyo ta. Kafin Maikasuwa ya kore su sun ja ƙyallen ƙasa sun cinye babbar rigar hoton har wuya, saura kai da hular kwano da yatsa mai nuna sama. Ana cikin haka manomin Hajiya ya iso, ya tattara awakin ya kai gidan mai unguwa, kamar yadda ake yi wa duk dabbar da aka kama a gonar mutane da damina.

Rahamatu ce ta je ta biya tarar da kuɗin adashinta. Ta dawo tana jan igiya, ta tsaya a kansa.

"Malam, tun da nake kiwo ba a taɓa kai akuyata gaban mai unguwa ba. Sun ce wani mutum mai hular kwano aka gani yana yi musu bismillah."

"Masu hular kwano suna da yawa a garin nan."

"Haka ne. Amma ɗaya ne yake kwana a gidan nan."

Ranar dubawa ta zo. Tun da safe Maikasuwa ya yi hayar tamfol-tamfol na masu biki ya rataya a gaban shagunan, ya rufe kowace ƙofa. Ya jera benci, ya tara maƙwabta, ya raba musu goro da matsayi: wannan zai kama shago ya sayar da atamfa, wancan wayoyi. Halliru ya ce shi ba zai zauna ba sai an ba shi kantin magani, aka ba shi. Jama'a suka taru fiye da waɗanda aka gayyata, domin labari ya riga ya zaga.

Abdulnasir ya sauka daga mota, ya gaida kowa, ya ɗaga kai. A saman bango, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, zangarniyoyi ne suke rausaya.

"Baba, mene ne wancan?"

"Fulawa ce. Ado. Haka ake yi a Abuja, a sa kore a gini."

"Ta yi kama da gero."

"'Yar uwarsa ce. Daga waje ake kawo irin."

Abdulnasir ya juya wajen benci. "Malam, kai ne mai kantin magani?"

"Ni ne," in ji Halliru. "Maganin yunwa zan sayar. Kayan ma sun riga sun iso, suna ciki."

Mutanen benci suka ɗauki tari don ɓoye dariya. Maikasuwa ya yi maza ya kama hannun Abdulnasir.

"Rabu da shi, taubashina ne, ba shi da cikakken hankali. Zo ka ga matakala. Daga sama har dutsen Kazaure ana hangowa."

"Baba, bari mu fara leƙa ciki."

"Ciki ana fenti. Tsaya nan ka ga ƙarfin aiki."

Ya tattare babbar riga ya hau. A kowace taka sai ya buga ƙafa don a ji. Da ya kai ta ƙarshe ya juyo ya fuskanci jama'a, ya ɗaga yatsa sama daidai yadda yake a hoto.

"Jama'a, wannan matakala, ko giwa ce ta..."

Matakalar da ta sha ruwan damina guda, siminti kuma ɗanɗano ne a cikinta, ta ce ba da ita ba. Takar ƙarshe ta marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Maikasuwa ya yi baya, ya kai hannu ya cafko igiyar da ta riƙe tamfol, igiyar ta biyo shi. Tamfol ɗin suka zube gaba ɗaya, shi kuma ya ɓace a bayan bango. Aka ji tim, sai wani garken tsuntsaye ya tashi fir daga ciki. Hular kwano ce kaɗai ta faɗo waje, ta gangara ta tsaya a ƙafar Abdulnasir.

Ga shaguna a buɗe, kowanne cike da gero har baki.

Can sai murya ta fito daga shagon tsakiya.

"Lafiya lau nake! Duba harsashi na sauko yi!"

"To fito mana, Injiniya," in ji Halliru.

Aka ji shi yana laluben bango.

"Au, na manta. Ma'ajiyar kuɗi ce. Jama'a, ɓarawo ya shiga, yana neman ƙofa!"

Wurin ya kece da dariya. Mata suna riƙe ciki, masu babura suna danna ham, mai atamfa ya faɗo daga benci. Aka aika a ɗauko tsani, sai aka tarar na manomin Hajiya ne, shi kuma ya ce ba zai bayar ba sai da izininta. Ba a daɗe ba sai ga ta a Keke Napep da lemarta, dama ranar zagayen gonakinta ce.

Aka zaro Maikasuwa, riga ta yi kore, bununin gero a gemu, ba abin da ya same shi sai taki a gwiwa. Hajiya ta sa manominta ya leƙa.

"Hajiya, ya kwantar da kusan rabin ɗakin."

"Ayya. Kuma nan ne ya fi kyau. Ba komai, ɗana, tunda ba ka karye ba. Za a kimanta a ɗora a kan bashin na da."

Abdulnasir ya matso ya rusuna. "Hajiya, gonar taki ce?"

"Jingina ce a hannuna."

"To, Baba," ya juya ga Maikasuwa a hankali, "ka san ba za mu iya ba da bashi a kan abin da yake hannun wani ba." Ya kai hannu ya kamo zangarniya ɗaya, ya juya ta, ya jinjina kai. "Amma wallahi ban ga gero irin wannan ba bana. Hajiya, muna da tsarin rancen noma, in kina so."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ni ba na ci, bayarwa nake yi."

Motar banki ta tafi. Maikasuwa ya zauna a takar farko ta matakala, wadda ita ce ta fi ƙwari, yana kallon gonar ubansa. Rahamatu, da labari ya kai mata har gida, ta ratso jama'a da mayafinta ta durƙusa gaban Hajiya.

"Hajiya, ita kaɗai gare mu. A duba mana hanya."

Hajiya ta dube ta, ta dubi tsuntsayen da suka fara dawowa kan bango.

"Gonarku ba inda za ta, 'yata, ni ba na cin gadon mutane. Ga hanya. Tsuntsayen nan jan-baki sun dame ni, mai tsaro kuma tsada gare shi. Mijinki ya riƙa korar mini su har girbi, ladansa a cire daga bashi. In an girbe zan rufa shago biyu da kwano in zuba hatsi, kuɗin hayar su ma a cire. A hankali za ta dawo."

"Shekara nawa ke nan, Hajiya?"

"Ya danganta da yawan faɗowarsa a kan gerona."

Maikasuwa ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya karɓi hular kwanonsa.

"Kun ji dai da kunnenku," ya ce wa jama'a. "Tun ba a gama ba an kama shago biyu."

Tun daga washegari, duk wanda ya bi hanyar Roni zai gan shi a tsakiyar matakala, inda ta rage, da hular kwano, riƙe da igiyar da aka ɗaura wa gwangwanaye ta zagaye ginin. In baƙo ya tsaya tambaya, sai ya ce shi ne manajan wurin, kuma wannan sabon tsari ne da ko Abuja bai kai ba tukuna.

"Injiniya!" Halliru ya ƙwala masa kira wata rana daga rumfa. "Ya aiki?"

"Sai godiya. Kai da kake dariya, gaya mini: ka taɓa ganin filazar da ta fara kawo riba tun ba a yi mata rufi ba?"

"Ban taɓa ba. Ribar wa?"

Maikasuwa ya ja igiya da ƙarfi. Gwangwanaye suka kaure da ƙara, tsuntsaye suka tashi, ya kai hannu kunne ya nuna wa Halliru cewa ba ya ji.